Malami da Kwamfutarsa a Jiki: Tarihin Aikin Thad Starner da Kafuwar Wani Sabon Fanni a Jami'a, 1993 zuwa 2023



1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi sawun rayuwar aiki ta malamin jami'a guda ɗaya, watau Thad Starner na Cibiyar Fasaha ta Jojiya da ke birnin Atlanta a ƙasar Amurka, domin a ga yadda wani abu da ba a ɗauke shi fanni ba a shekarar 1990 ya sami malamai da taron shekara-shekara da ɗaliban digiri na uku kafin shekara goma ta cika. Fannin kuwa shi ne nazarin kwamfutar da ake sawa a jiki kamar yadda ake sa agogo ko tabarau, tare da nazarin yadda za a fasalta hulɗar da ke tsakaninta da mai sa ta.

Kafin mu yi nisa, ya kamata a daidaita kalma. A cikin takardar nan zan riƙa cewa "kwamfutar sawa". Na so in ce "kwamfutar ratayawa", amma rataya ba ta ƙunshi tabarau da safar hannu ba, alhali su ne rabin labarin. Abin da ya raba ta da wayar da ke cikin aljihu shi ne tana kunne koyaushe, tana kan jiki, kuma ana amfani da ita ba tare da an tsayar da abin da ake yi ba.

Batun da nake son tsayarwa guda ɗaya ne. Starner ya gina sunansa ne bisa wata hanyar bincike da jami'a ba ta saba da ita ba: shi ne mai gwaji, shi ne kuma abin gwajin. Wannan hanya ta buɗe masa abubuwan da babu wanda zai gan su daga kan tebur. Amma tana da iyaka, kuma sai da aka fito da na'urar kasuwa aka ga iyakar ƙuru-ƙuru.

2.0 Magabata

Tunanin ya girmi na'urar. A shekarar 1945 Vannevar Bush, wanda ya jagoranci binciken kimiyya na gwamnatin Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya buga maƙala inda ya suranta masanin gobe ɗaure da 'yar kyamara a goshi yana ɗaukar hoton abin da ya ga ya dace a adana. Bush bai ƙera kome ba, ya dai yi hasashe.

Na'urar da aka fi yarda ita ce ta fari, ba don ilmi aka yi ta ba, don caca aka yi ta. A tsakanin 1960 da 1961 Edward Thorp, matashin malamin lissafi a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wadda aka fi sani da MIT, ya haɗa kai da Claude Shannon, wanda ya kafa ilmin lissafin sadarwa, suka ƙera wata 'yar na'ura mai girman kwalin taba, mai transisto 12. Manufarsu ita ce su cinye gidan caca a wasan rulet, inda ake wurga ƙwallo kan faifai mai juyawa. Mutum zai tsaya kusa da faifan yana danna maɓalli da babban yatsan ƙafa cikin takalmi duk lokacin da faifan ko ƙwallon ya wuce wata alama, ita kuma na'urar ta lissafa saurinsu, ta aika da sauti ta 'yar waya zuwa kunne, wanda ke nuna a cikin kashi takwas na faifan wanne ne ƙwallon zai fi faɗawa. A gwajin gida sun lissafa ribar kashi 44 cikin 100. Da suka kai ta Las Vegas a 1961 lissafin ya yi daidai, sai dai siririyar wayar da ke zuwa kunne ta yi ta tsinkewa. A lura da wannan: tun ran farko, abin da ya kayar da kwamfutar sawa shi ne jikin mutum da motsinsa, lissafi kuwa lafiya lau. Sun ɓoye sirrin har 1966 da Thorp ya ambata shi a cikin littafinsa, saboda haka babu wani ɗalibi da ya ɗora a kan aikin a lokacin da ya dace.

Sai kuma Steve Mann, ɗan ƙasar Kanada, wanda tun yana saurayi yake harhaɗa na'urorin da yake goyawa a baya da kyamara a ka domin ɗaukar hoto. Shi ma daga baya ya zo MIT, kuma a 1994 ya fara aika hotunan abin da idonsa ke gani kai tsaye zuwa intanet. A gefe guda, a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh, Dan Siewiorek da abokan aikinsa sun fara ƙera jerin na'urorin da suka kira VuMan daga 1991, domin ma'aikacin da hannayensa ke cikin aiki ya iya duba zane ko littafin gyara. Injiniyoyin kamfanin jiragen sama na Boeing su ma suna gwada irin wannan don masu ɗaura wayoyin lantarki. Duka waɗannan na'urori ne na aiki guda: a sa, a gama, a tuɓe.

3.0 Zaman Ɗalibta a MIT

Starner ya kammala digirin farko a MIT a 1991, ya zarce ɗakin binciken nan da ake kira Media Lab, wanda aka buɗe a 1985, ƙarƙashin kulawar Alex Pentland. Dalilin da ya sha bayarwa na shigarsa wannan harka kowane malami a zauren nan ya san shi daga bakin ɗalibansa. Ya ce in ya saurari lacca sosai ba ya samun rubutawa, in ya duƙufa kan rubutu kuma fahimta ta kuɓuce masa, ga shi abin da ya fahimta bai daɗe ba yake mantawa. Yana son ya rubuta ba tare da ya ɗauke ido daga malami da allo ba.

A 1993 ya fara sa kwamfuta kullum, kuma ya ci gaba da haka fiye da shekara 20. Kayan da ya haɗa uku ne. Na farko wani ɗan allo ne mai suna Private Eye da aka fito da shi a 1989, wanda ake maƙalawa a gaban ido ɗaya. A cikinsa akwai jerin ƙananan fitilu ja guda 280 da madubi mai karkarwa, karkarwar madubin ce ke shimfiɗa hasken har ido ya ga kamar shafin rubutu ne ja yana lilo a iska. Na biyu wani abin rubutu ne mai suna Twiddler, wanda ake riƙewa a tafin hannu ɗaya, yana da maɓallai 12 a gaba, ana fitar da haruffa ta danna ɗaya ko haɗa biyu ko uku a lokaci guda. Na uku ita ce kwamfutar kanta da batir mai nauyi a cikin jakar da yake ratayawa a kafaɗa. Daga baya ya wallafa yadda ake haɗa irin wannan, ya sa wa tsarin suna Lizzy, domin kowane ɗalibi ya ƙera tasa. Nan da nan aka sami ɗan gungun ɗalibai a MIT suna yawo da waya a fuska, mutane na binsu da kallo.

Hausawa kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a nan ne amfanin hanyar tasa ya bayyana. Wanda ya sa na'ura awa ɗaya a ɗakin gwaji ba zai san cewa tana ɗumama haƙarƙari da rana ba, ba zai san kafaɗa na tsami da yamma ba, ba zai san batir kan mutu a tsakiyar zance ba. Daga irin wannan zama da na'ura Starner ya fitar da matsalolin da fannin ya yi shekaru yana fama da su, watau wuta da zafi, da sadarwa, da hanyar shigar da rubutu, da sirrin jama'a. A kan wuta, alal misali, ya buga takarda a 1996 a mujallar kamfanin IBM inda ya lissafa ƙarfin da jikin mutum ke zubarwa a banza ta numfashi da zafin jiki da motsin hannu da tafiya, ya nuna cewa a bisa lissafi dukan dunduniya a ƙasa na mai tafiya da sauri kan kai wat 67. Da Joseph Paradiso da ɗalibansa suka sa abin tatsar wuta a tafin takalmi a 1998, abin da irin siraran faifayen da ba sa damun mai tafiya suka bayar 'yan ɓurɓushi ne, kashi kaɗan cikin dubu na wat guda. Tazarar da ke tsakanin lissafin da takalmin ita kanta darasi ce.

Abin da na fi ɗauka da muhimmanci cikin duk abin da ya gano shi ne maganar lokaci. Ya lura cewa in ɗauko na'ura da buɗe ta ya wuce kamar daƙiƙa biyu, mutum ba zai yi amfani da ita ba ga ƙananan buƙatu, zai ce bari dai in tuna da ka, sa'an nan ya manta. Wannan kuwa ba a injiniyanci ake gano shi ba, a ɗabi'ar mutum ake gano shi, kuma shi ne ya mayar da aikin daga ƙera na'ura zuwa fasalta hulɗa. Daga nan ne shi da abokin karatunsa Bradley Rhodes suka fito da wata manhaja a 1996 mai aikin tunatarwa. Yayin da mutum ke rubutu, ita kuma tana bin tsofaffin rubuce-rubucensa da wasiƙunsa, tana jero waɗanda suka yi kama da abin da yake rubutawa a ƙasan allo, ba tare da ya tambaye ta ba. In ya ga dama ya duba, in bai ga dama ba ya ƙyale.

Akwai labarin da shi da kansa yake bayarwa wanda ya kamata masu zama a kwamitin jarrabawa su yi tunani a kansa. Ya ce ya shiga jarrabawar baka ta neman digiri na uku da kwamfutarsa a jiki, ya amsa tambayoyi, sai gardama ta kaure tsakanin malaman a kan wa za a ba sakamakon, shi ko kuwa shi da na'urarsa. Ana ba da labarin ne don raha, amma tambayar ba ta raha ba ce. Abin da ke cikin na'urar shi ya karanta, shi ya taƙaita, shi ya rubuta da hannunsa. Me ya raba wannan da littafin rubutun ɗalibi, in ban da sauri? In kuwa saurin ne ya raba su, to me muke aunawa a jarrabawa, sani ko hadda? Ni dai ban ga jami'o'i sun warware wannan ba, sai ma ƙara cuɗewa da ya yi.

Kundinsa na digiri na biyu a 1995 kuwa wani fage ya shiga daban, watau koya wa kwamfuta gane maganar hannu ta kuramen Amurka. Ya aro hanyar lissafi ta Markov da ake amfani da ita wajen gane maganar baki, ya ɗora ta kan motsin hannu. A takardar da suka buga a 1998 shi da Joshua Weaver da Pentland, na'urar ta gane kalmomi daidai kashi 92 cikin 100 da kyamara a kan tebur, da kashi 98 da kyamarar da aka maƙala a bakin hular mai maganar tana kallon hannayensa. Alƙaluman sun burge jama'a. Sai dai kalmomin 40 ne kacal, kuma ba a gwada su kan tarin kurame masu hannu iri-iri ba. Za mu komo kan wannan.

4.0 Daga Sha'awa zuwa Fanni

Ba a zama fanni a jami'a sai da wurin buga takarda da alƙalan da za su tace ta. A watan Oktoba na 1997 aka yi taron ƙasa da ƙasa na farko kan kwamfutar sawa a garin Cambridge na jihar Massachusetts, da haɗin gwiwar MIT da Carnegie Mellon da Cibiyar Fasaha ta Jojiya, kuma Starner na cikin waɗanda suka assasa shi tun bai gama karatu ba. A taro na biyu, a 1998, Thorp ya gabatar da tarihin na'urar cacarsu, ke nan fannin ya nemo wa kansa kaka bayan shekara 37. Mann ya gama digiri na uku a 1997 ya koma Jami'ar Toronto. Starner ya gama nasa a 1999 ya kama aikin koyarwa a Jojiya, ya kafa rukunin bincikensa.

A nan ne ya ci karo da ƙa'idar jami'a. Ba a ba malami ƙarin girma don ya ce na gwada a jikina ya yi. Dole a gwada a kan wasu, a ƙidaya, a buga. Ya daɗe yana cewa Twiddler ta fi maɓallan wayar hannu sauri, ana ce masa ai kai ne ka saba. Sai ɗalibinsa Kent Lyons ya tara mutanen da ba su taɓa riƙe ta ba ya horar da su, ya buga sakamakon a 2004: bayan kimanin awa 25 na koyo, waɗanda suka jure sun kai matsakaicin kalma 47 a minti guda da hannu ɗaya. Da'awar ta tabbata. Amma sakamakon ya ƙunshi hukunci na biyu wanda ba a cika faɗa ba, watau mutum nawa ne zai ba da awa 25 don ya koyi rubutu sabo? Kasuwa ta amsa, domin gilashin da ake shafawa da yatsa ne ya ci, ko da yake yana cinye ido gaba ɗaya.

A wannan zamani ne kuma masu zane da masu ɗinki suka shigo. A 1998 Francine Gemperle da abokan aikinta a Carnegie Mellon suka fitar da taswirar sassan jiki inda za a iya ɗora abu mai tauri ba tare da ya hana motsi ba. A 2007 Leah Buechley ta fito da LilyPad, 'yar kwamfutar da ake ɗinkewa a jikin tufa da zare mai ɗaukar wuta, kuma binciken da ta yi da Benjamin Mako Hill a 2010 ya nuna kashi 65 cikin 100 na ayyukan da aka yi da ita mata ne suka yi su, alhali a na'urar Arduino da aka samo ta daga gare ta kashi 2 ne kawai. Canza siffar kayan aiki ya canza masu shigowa fannin. Shi ma Starner ya riƙa koyar da darasi tare da Clint Zeagler, wanda ya karanci zanen tufafi. Duk da haka ina ganin cewa a shekarun nan tambayar da aka fi yi ita ce ko na'ura ta zauna wa mai sa ta daidai. Ba a cika tambayar yadda ta zauna wa wanda ke zaune gabansa ba.

5.0 Google Glass

A 1998, a wurin wani taro, wasu ɗalibai biyu daga Jami'ar Stanford suka tsayar da Starner suna tambayarsa game da abin da ke fuskarsa. Larry Page da Sergey Brin ke nan, waɗanda suka kafa Google a shekarar. A 2010 ya aika wa Brin da saƙo cewa lokaci ya yi, kuma ba da jimawa ba aka ɗauke shi cikin jagororin fasaha na aikin da ya haifi tabarau mai suna Google Glass, ba tare da ya ajiye muƙaminsa na jami'a ba. An bayyana aikin a Afrilun 2012, aka fara ba zaɓaɓɓun masu gwaji a 2013 a kan dala 1,500.

Wanda ya san tarihin da muka bi zai gane hannun Starner a jikin na'urar. Allon yana sama da ido kaɗan domin kada ya tare fuskar abokin magana. Yawancin lokaci a kashe yake, sai an ɗaga kai ko an taɓa gefen. Saƙo gajere ne, a duba a koma ga abin da ake yi. Wannan ita ce ƙa'idar daƙiƙa biyu ta zama kayan sayarwa, kuma jakar kafaɗa mai nauyi ta koma abin da bai kai giram 50 ba. Ta fuskar injiniyanci nasara ce babba.

Amma akwai kyamara a gaban, kuma babu wata fitila ta musamman da ke gaya wa na waje cewa ana ɗaukarsa. Tun kafin na'urar ta yaɗu wani gidan abinci da shaye-shaye a birnin Seattle ya sanar da hana shiga da ita. A Mayun 2013 wasu 'yan majalisar dokokin Amurka suka rubuta wa kamfanin suna neman bayani kan sirrin jama'a, a Yuni hukumomin kare bayanai na ƙasashe da dama suka bi sahu, kamfanin kuma ya sanar cewa ba zai amince da manhajar gane fuska a kanta ba. A 2014 gidajen silima a Ingila da Amurka suka hana sa ta. Jama'a suka laƙa wa masu sa ta sunan zagi wanda bai dace in maimaita a wannan zaure ba. A Janairun 2015 aka daina sayar wa jama'a.

Ba adalci ba ne a ɗora wa mutum guda wannan. Farashi da talla da lokacin fitarwa duk shawarar kamfani ce, batirin ma ba ya daɗewa, kuma Starner ya lissafa sirri cikin matsalolin fannin tun da wuri. Mann kuwa ya yi shekaru yana rubutu a kan kyamara, sai dai shi yana kallonta ne a matsayin makamin talaka wanda hukuma da 'yan kasuwa ke leƙensa, don shi ma ya leƙe su. Abin da nake cewa shi ne duk wannan tunani daga bayan gilashin aka yi shi. Mutumin da ya shekara 20 ana kallonsa ya riga ya saba da kallo, waɗanda ke kewaye da shi kuma, ɗalibansa da abokan aikinsa, sun san shi, sun san ba ya ɗaukar su a ɓoye. Amanar da ke tsakaninsu ita ce ke riƙe da gwajin, kuma ba a sa ta cikin lissafi ba domin ba a ganinta. Da aka ba dubban baƙi na'urar suka shiga cikin baƙi, sai aka tarar amana ba ta zo cikin kwali ba.

Binciken da ya dace a yi tun farko sai a lokacin ya kankama. A 2013 Halley Profita, tare da Starner da Zeagler da wasu, ta gwada yadda masu kallo a Amurka da Koriya ta Kudu ke ɗaukar mutumin da ke taɓa maɓalli a sassa daban-daban na jikinsa, aka ga wuyan hannu da damtsen gaba sun fi karɓuwa, aka ga kuma hukuncin kan sauya in mace ce ta sa. A 2014 Tamara Denning da abokan aikinta a Jami'ar Washington suka shiga gidajen shan gahawa suna tambayar waɗanda suka ga mai irin wannan tabarau abin da suka ji. A 2016 Profita ta sake nuna cewa mutane kan sassauta in an gaya musu mai tabarau ɗin naƙasa ce ta sa yake amfani da shi. Watau jama'a ba gilashin suke ƙi ba, dalili suke nema.

Tarihin na'urar na gaba ya gaskata haka. A 2017 aka sake fito da ita don masana'antu da asibitoci, wannan karon da fitilar da ke nuna ana ɗauka. Ma'aikatan haɗa tarakta da masu tsintar kaya a manyan rumbuna suka yi aiki da ita babu hayaniya, domin kowa a wurin ya san dalilin sa ta. Ke nan ta koma inda Siewiorek da injiniyoyin Boeing suka fara a farkon shekarun 1990. A Maris na 2023 Google ya daina sayar da wannan ma. Abin da ya shiga hannun miliyoyin mutane a tsakanin nan shi ne na wuyan hannu, Fitbit daga 2013 da agogon Apple daga 2015, a wurin da ɗan Adam ya riga ya saba ɗaura abu.

6.0 Safar Hannu da Maganar Kurame

Jaridu sun san Starner da tabarau, amma in aka ce in zaɓi aikin da zai daɗe, zan nuna wanda bai iya gwadawa a kansa shi kaɗai ba. Daga 2008 rukuninsa ya fara aiki da safar hannu mai ƙananan injinan girgiza a kan kowane yatsa. Mutum zai sa ta yana karatu ko yana amsa wasiƙa, ita kuma tana taɓa yatsunsa bi da bi bisa tsarin wani ɗan kiɗan piyano, bayan wani lokaci sai a tarar yatsun sun riƙe tsarin ba tare da ya mai da hankali ba. Ba yadda za a gaskata irin wannan da'awa da shaidar mutum ɗaya, dole sai da rukunin gwaji da rukunin kwatanci. Ɗalibarsa Caitlyn Seim ta ɗora hanyar kan rubutun makafi na Braille a 2014, sa'an nan kan alamomin tangaraho na Morse a 2016. Tanya Markow kuwa ta gwada safar kan masu raunin laka a wuya tare da wani asibitin gyaran gaɓoɓi a Atlanta, wasu suka sami ƙarin ji a hannu, daga baya Seim ta kai binciken ga masu shanyewar ɓarin jiki. A 2014 kuma, da James Foley, tsohon malami a cibiyar, ya fara rasa ji, sai rukunin ya yi manhajar da ke rubuta maganar abokin hira a kan allon Google Glass, domin mai raunin ji ya karanta yana kallon fuskar mai magana. A nan babu wanda ya yi ƙorafi.

Maganar hannu ita ce zaren da ya ratsa aikin daga farko har ƙarshen shekarun da muke nazari. Burin 1995 shi ne na'ura ta fassara wa mai ji abin da kurma ke faɗa. Da rukunin ya zauna da malaman makarantun kurame a yankin Atlanta sai buƙatar ta juya. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da aka haifa kurame iyayensu masu ji ne, da yawansu ba su iya maganar hannu ba, saboda haka yaro kan wuce shekarun koyon harshe babu harshe ko ɗaya. Daga nan aka yi wasan kwamfuta mai suna CopyCat inda yaro ke ba da umurni da hannu, aka kuma yi PopSign a wayar hannu don iyaye su koyi kalmomin farko. Wannan ɓangare ya shafe mu kai tsaye, domin maganar hannun da ake koyarwa a makarantun kurame da yawa a Nijeriya ta samo asali ne daga ta Amurka ta hanyar makarantun da Andrew Foster ya buɗe, alhali maganar hannu ta kuramen ƙasar Hausa, wadda Constanze Schmaling ta bayyana a littafinta na 2000, harshe ne dabam, kuma na'urar da aka horar da waccan ba za ta gane wannan ba.

A 2023 rukunin, tare da Google da ƙungiyoyin kurame, ya fitar da taskar bidiyo don horar da na'urori: alamomi 250, misalai fiye da 200,000, daga manyan kurame 47 waɗanda maganar hannu ce harshensu, kowannensu ya ɗauki kansa da waya bayan ya ba da izini.